Firjin da Ya Ƙi Rufuwa

"Lafiya lau, sai dai ban gane mai sallamar ba. Ni mai gyaran firji na kira, wani ƙato mai cika ƙofa. Kai yaronsa ne?"

"Ni ne dai, Tsohuwa. Idon ne ya ƙara mutuwa."

"Idona garau yake. Ina sauranka? Ko a asibiti ka baro shi ajiya?"

Kaka ta kauce daga bakin ƙofa, ko da yake yanzu ba sai ta kauce ba zai wuce. Jikanta ne, ɗan babban ɗanta mai rasuwa. Tun yana rarrafe ta laƙaba masa Randa, sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi har shagonsa na gyaran firji da ke bayan layinta. Shekara da shekaru, rana na take tsaka zai faɗo gidan yana kukan yunwa tun daga waje, ya ci, ya suɗe kwano, ya ce gishiri ya yi yawa, ya koma bakin aiki. Sai sukari ya kama shi, gwiwa ta fara ƙara, minshari ya riƙa tsayar masa da numfashi, likitoci suka yi masa aiki suka rage masa ciki. Ya warke, ya koma shago, amma tsakar rana ta daina kawo shi. Yakan kira ta a waya ya tambayi ƙafarta, ya ce gobe zai zo. Goben ta yi watanni tana hanya. Yau da ta ce firji ya lalace, ga shi ya iso tun shayinta bai huce ba.

Ta bi shi da kallo daga sama har ƙasa. Riga ta yi masa yawa kamar ta aro, bel ɗinsa ya sha sababbin huji da ƙusa.

"Ashe kana da wuya. Da na ɗauka kan ne aka ɗora a kafaɗa."

"Yana nan tun asali, abincinki ne ya binne shi."

"To auren nan a sake duba shi. Ni randa na aura, an dawo mini da buta."

"Ni ma da haƙoranki na aure ki. Ina suke? Na kai ƙara?"

"Haƙorana sun yi aiki sun yi ritaya da mutuncinsu. Naka cikin kora aka yi masa. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, naka kuwa ta ko'ina aka huda."

"Shi ya sa ba ki taɓa yarda an duba naki ba."

Ya wuce kicin da jakar kayan aikinsa, ta bi shi tana jan ƙafa. Firjin yana lungunsa na kullum, an tokare ƙofarsa da kujera, an ɗora bokiti cike da ruwa a kan kujerar. Ƙasa ta jiƙe, an shimfiɗa tsohon tawul. Mage na zaune a gefe tana lasar ɗan kwanonta.

Randa ya tambaya tun yaushe yake haka. Ta ce tun da aka fara barin marasa ciki suna gyaran firji. Ya sauke bokitin, ya ja kujerar. Ƙofar ta buɗe da kanta, robobin abinci biyu suka zubo a ƙafarsa, ta uku ya tare da gwiwa.

Ya tsaya yana kallo. Daga sama har ƙasa robobi ne, manya, kowace cike har murfi, an cusa su a tsaye da a kwance, wasu a kan wasu. Wurin ƙanƙara ya toshe, ƙanƙarar ta kumburo ta turo marfinsa waje. Ya shafa robar ƙofa ya ga lafiyarta ƙalau. Ya kara kunne a jikin injin ya ji yana ta aiki ba hutu, ya yi zafi.

"Tsohuwa, gidan abinci kika buɗe ba ki gaya mini ba?"

"Na mage ne."

"Magen nan ce ke cin shinkafa da cinyar kaza?"

"Ita ta san darajar mai girki. Ba ta taɓa cewa gobe ba."

Ya buɗe roba ɗaya, ya buɗe ta biyu. Ya san hannun. Cinya biyu a sama, ƙanzo a gefe ɗaya don shi ke son ƙanzo, miya a zube a tsakiya ba a gauraya ba. Rabonsa ne na tsakar rana, yadda ake zuba masa tun yana saurayi. Kaka ta ja kujerar da ta tokare ƙofa ta zauna a kai, ta gaya masa ba tare da ta sassauta murya ba. Kullum takan ɗora tukunyar nan dai da ta saba, don hannunta bai san wani awo ba. In rana ta karkata bai zo ba, ta juye a roba ta sa a firji. In wuri ya cika, ta ba maƙwabta robobin ƙasa ta ɗora sabo a sama. Maƙwabtan ma sun fara ɓuya in sun ji takunta. Sai ga ƙofa ta ƙi rufuwa.

"Firjinki lafiyarsa lau," in ji shi. "Ƙoshi ne ya yi masa yawa."

"To a kai shi asibitinku a yanke masa."

"Shi kwashewa kawai yake so. Ke ce dai za a yi wa aiki a hannu."

"Hannun da ya raine ka? Ka zo duniya kamar ɓera, uwarka na kuka wai ba za ka yi rai ba. Ni na mai da kai mutum."

"Kika mai da ni mutum uku."

"Ka ji butulci. Wa ya taɓa danne ka ya ɗura maka? Kai ne fa in an kira ka gyara, matan gida ke kwashe nama su ɓoye a ɗaki kafin ka iso."

"Sharri ne. Ɗanɗanawa nake yi in ji ko sanyi ya kama."

Ya durƙusa ya fara fito da robobin yana jerawa a ƙasa, yana ware waɗanda suka yi tsami. Kaka ta zuba masa ido. Ƙamshin miya ya cika kicin ɗin, har mage ta bar kwanonta ta matso, amma shi ko haɗiyar miyau bai yi ba. Da can, murfi kawai za a ɗaga ya fara zagaye tukunya. Abin da ya fi tsaya mata a rai ke nan, fiye da ramar. Ta tambaye shi kai tsaye ko girkinta ne ya daina yi masa daɗi, ko kuwa matarsa ce ta kafa masa doka.

Ya ce babu ko ɗaya. Matarsa tana wurin aikinta har yamma, ba ta san ma me yake ci da rana ba. Yunwar ce ba ya ji. Ya ajiye robar da ke hannunsa ya yi mata bayani yadda likita ya yi masa. Wai ashe yunwa ba rami ba ce kawai da ke jiran a cika. Akwai wani sinadari da tumbi ke saki cikin jini in ya zama wayam, shi ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ce a nemo abinci. Yawancinsa kuwa a ɓangaren da aka yanke aka fitar ake yin sa. Ga shi kuma yanzu abinci ba ya daɗewa a tumbi, nan da nan ya gangara hanji, shi ma hanjin yana da nasa sinadaran da ke cewa an ƙoshi, kuma tun bayan aikin da wuri suke tashi, da ƙarfi. Mai cewa a ci ya yi shiru, masu cewa a bari sun samu lasifika. Har abin da yake so da ya canza masa, mai da zaƙi yanzu tayar masa da zuciya suke yi.

Kaka ta yi sakandare a zamanin da ake zanen hanji a allo da alli mai launi, ba ta ga abin mamaki a maganar ba. Ta dai juya ta yadda za ta zauna mata.

"Wato ɗan aike ne a cikin."

"Kamar haka."

"Shi ke zuwa ya ƙwanƙwasa maka kai ya ce tashi, tsohuwa ta sauke."

"Shi ne."

"Suka kama shi suka yanke suka jefar."

"Ba duka ba. Likita ya ce da sauransa, kuma in an kwana biyu yakan ɗan farfaɗo. Amma ba kamar da ba."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ne mai zumunci a gidanku."

Randa ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"A'a, tsaya mu yi lissafin gaskiya. Ɗan aike ke kawo ka. An yanke shi, ka daina zuwa. Ashe duk shekarun nan ba jikana ke zuwa gaishe ni ba, tumbi ne. Kai rakiya kake yi masa."

"Haba, Tsohuwa. Ba ina kiran ki a waya ba?"

"Waya ba ta suɗe kwano."

Ya juya wajen firjin. Ya ɗauki sukudireba ya shiga sassaƙar ƙanƙara, abin da shi da kansa yake hana masu firji yi. Can ya ce, yana kallon cikin firjin, da yunwa ce agogonsa. Ita ke ɗago masa kai daga aiki. Yanzu sai ya duƙufa, in ya ɗago ya ga inuwa ta yi tsawo. Ranar da ya tuna kuma, sai ya hango kansa zaune gaban wannan tulin abinci yana tsattsaga kamar ɗan tsako, ita kuma tana tsaye a kansa. Ya ga gara ya bari sai gobe.

Kaka hannunsa take kallo. Bakin sukudireban yana ta kauce wa inda ya nufa.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Na sha shayi."

"Yau ko jiya?"

Ya shiga tunani, kuma da gaske tunanin yake yi. Ya ce likita ya gargaɗe shi ya riƙa ci da agogo, kaɗan kaɗan, kada ya jira yunwa don ba za ta zo ba, jiki kuwa yana bukata ko bai tambaya ba. Ya sa ƙararrawa a waya. In ta yi ƙara hannunsa na cikin inji, sai ya kashe ta da gwiwar hannu ya ce bari ya gama. Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a kan tsani a gidan wani, Allah ya sa ya riƙe taga.

"Ka ji sakarai. An cire maka ciki, an haɗa da hankali."

"Hankalin a wurinki na gada, dama ba yawa."

"Ajiye ƙarfen nan ka wanke hannu."

Tukunyar yau tana kan murhu da zafinta. Ta ɗauko farantinsa na da, mai faɗin tire, ta zuba yadda ta saba, ta dire a gabansa a teburin kicin. Ya kalli farantin kamar an kawo masa takardar sammaci. Ya ture kofin ruwan da ta ajiye, ya ce ba a haɗa masa ci da sha yanzu, wurin ba ya ɗaukar biyu. Ya fara da naman, ya yanki ɗan ƙarami yana tauna, yana tauna.

"Ka haɗiye mana. Ko sai ya ba ka haƙuri?"

"An ce in tauna sosai."

"Ni da ba haƙora na riga ka. Akuya ma ta fi ka sauri."

"Akuya cikinta huɗu, ni ko ɗaya bai cika ba."

Bai ci abin da zai cika tafin hannu ba ya ajiye cokali, ya jingina, ya ce alhamdu lillahi. Farantin kamar ba a taɓa ba. Kaka ta duba farantin, ta duba shi. A saninta, mutumin da ya ture abinci ko dai yana fushi ko yana ciwo, kuma duk biyun maganinsu a matsa masa. Ta ɗebo ƙanzo da miya mai maiƙo a cokali ta miƙa.

"Wannan ɗaya. Na sadaki."

"Na ƙoshi, Tsohuwa."

"Ka ƙi, na san tumbin ne mijina, kai baƙo ne. In kulle ƙofata."

Ya dube ta. Ya karɓi cokalin ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye.

Ba a jima ba goshinsa ya tsattsafo da gumi. Ya dafe ƙirji, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, fuskarsa ta yi fari-fari. Ya tashi ya nufi bayan gida da sauri, ta ji yana kakari. Ta zauna ita kaɗai da faranti da robobi a jere a ƙasa, firji a buɗe yana ɗigar ruwa. Ta taɓa ganin Randa ya cinye kaza guda ya tambayi ko akwai ƙari. Yau cokali ɗaya ya kayar da shi, kuma ya san zai kayar da shi ya karɓa. Ta tuna ubansa, wanda shi ma bai taɓa mayar mata da kwano da saura ba, sukari ya ci ƙafarsa kafin ya ci shi. Ba ta daɗe a kan tunanin ba. Ta tashi ta ɗauke farantin ta juye a tukunya.

Ya dawo yana goge baki, idanunsa sun yi ja.

"Kin ga aikinki. Saura kaɗan ki zama bazawara."

"Da na huta. Wa ya ce ka karɓa?"

"Ke kika ce za ki kulle ƙofa."

"Yau ka fara jin ina faɗa? Ƙofar da ko sakata ba ta da ita?"

Ta ce ya zauna ya huta, ya zauna. Ta sunkuya da ƙyar ta janye ɗan kwanon da ke gaban mage. Magen ta bi ta da kuka. Kwanon silba ne ƙarami, bai fi tafin hannu ba, gefensa ya lotsa. Ta zuba masa ruwan zafi, ta dirje shi da soso da sabulu, ta ɗauraye, ta sake dirjewa.

"Me za ki yi da kwanon mage?"

"Na mage? Aro take yi. Naka ne. Da shi na yaye ka. Lotsawar nan kai ka yi ta, ka jefe ni da shi don na ce ya ƙare."

"Yanzu kwanon da mage ta lasa za ki ba ni?"

"Ta fi ka tsabta. Kuma ta fi ka zuwa."

Ta goge shi da tsumma ta ajiye a tsakiyar tebur. Ta tambaye shi ko cikin wannan zai shiga. Ya ɗauka ya juya shi, ya auna da ido, ya ce zai shiga, in nama ya fi yawa, mai kuma kaɗan. Ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ita dai hannunta ne bai sani ba, to ga abin da zai tsayar da shi. In kwano ya cika ta daina zubawa. In ya ajiye cokali ba za ta ce uffan ba, ko da za ta ciji harshe. Tukunyar kuma za ta sauko da ƙaramar da take dafa ƙwai.

"Saura ɗan aike," in ji ta. "Tunda sun yanke wancan, na karɓi aikin. Rana na take tsaka zan kira ka."

"Waya ce fa, ina iya kashewa."

"Kashe mana. In ɗauko sandata in zo ƙofar shagon, in tsaya in ce Randa, taso ka sha mama. Gaban masu kawo gyara."

"Ba za ki iya ba."

"Ni da na zo makarantarku da wandonka a hannu?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ya ce wancan ɗan aiken aƙalla ba ya zagi. Ta ce wancan wuƙa ɗaya ta gama da shi, ita kuwa likitan da zai yanke ta ba a haife shi ba.

Ya tashi ya ƙarasa aikin. Ya kashe firjin don ƙanƙara ta narke da kanta, ya zubar da abin da ya lalace, ya ɗaure sauran robobin a manyan leda biyu zai kai wa masu shagunan layinsu. Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta rufe ruf. Ya ce kuɗin gyara fa. Ta nuna masa kwanon da haɓa.

"Ga shi nan. Na ba ka, halak malak."

Ya ɗauka zai jefa a jakar kayan aiki, ta buge masa hannu.

"Ina za ka kai shi?"

"Ba kin ba ni ba?"

"Na ba ka. A nan zai zauna. Mai son cin abinci a kwanonsa ya san hanya."

Randa ya tsaya da leda a kowane hannu, ya dubi kwanon, ya dubi magen da ke zagaye ƙafar tebur tana neman abinta. Dariya ta ƙwace masa har ya sauke ledojin ya dafa bango, yana riƙe da wurin ɗinkin.

"Kin ci, Tsohuwa. Gobe ki rage gishiri."

"Goben nan taka na san ta. Zan kira."

Ta raka shi da ido har ya fita, sannan ta kife kwanon a kan shiryayye inda mage ba ta kaiwa, ta shiga neman wani murfin roba da za ta zuba wa magen.